Alif ya kwantar da laka amma kalar shayi ta ƙi fita: muhawara a zauren ƴan bakin kogi

Maman Fati: Assalamu alaikum ƴan zaure, barkanku da dare. Ina da tambaya ga masu sani. Mu nan bayan gonakin shinkafa na Saga a Yamai, fanfo bai iso mu ba tukuna, duk ranar da ga-ruwa bai zo ba kogin Kwara muke ɗiba. Ina kaɗa alif a randa yadda na taso na ga ana yi, laka ta kwanta tsaf har ana hango gindin randar. Amma ruwan ba ya yin fari, sai ya tsaya da kalar shayin da bai ji ganye ba. In na ɗiga jabel kuma, wato ruwan kulorin na kashe ƙwayoyin cuta, kafin in gama wanke-wanke warinsa ya ɓace, alhali a ruwan fanfo yana daɗewa. Alif ɗin ne ya lalace ko jabel ɗin?

Ilu Ga-ruwa: Wa alaikumus salam Hajiya. Ki ƙara alif, ruwan damina ci gare shi. Kuma ki sayi dunƙule mai ƙyalli, ba wanda ya zama gari ba.

Nura: Anti Maman Fati ki bar jabel ɗin nan kwata-kwata. Akwai sautin murya da ke yawo a WhatsApp, wani yana bayani cewa jabel in ya haɗu da ruwan kogi yana zama guba mai kawo cutar kansa, wato ciwon daji. Mu gidanmu mun daina tun watan jiya.

Madam Rabi: Innalillahi. Nura, don Allah kar ka sake faɗa wa mai ƙananan yara ta bar jabel cikin damina. Ina aiki a likita, na ga abin da kwalara ta yi a 2021, sama da mutum 5,000 suka kamu a ƙasar nan ta Nijar, Tawa da Maradi da Damagaram duk ta taɓa su. Amai da zawo yana ɗauke yaro tsakanin safe da yamma. Wannan gudun gara ne a faɗa gidan zago.

Nura: Madam ba gardama nake ba, amma ƙarya ce mutumin ya yi ko gaskiya? Abin da nake son sani ke nan.

Alhaji Sani: Salamu alaikum. Na yi aikin tace ruwa har na yi ritaya, bari in sa baki. Nura, rabin maganar mutumin gaskiya ne, kuma amsarta ita ce amsar tambayar Maman Fati. Ku yi haƙuri zan ɗan tsawaita.

Ɗiyata, abu biyu ne a ruwanki, ke kuma ɗaya kika cire. Na farko laka, wato ƙasar da ruwan sama ya kwaso. Jan ruwan da muke gani a Agusta da Satumba daga Sirba da Dargol da Goruwal yake shigowa, kogunan da ke gangarowa daga ɓangaren Burkina su zuba a sama da Yamai. Laka ba narkewa take yi ba, yawo take a cikin ruwa, shi ya sa alif kaɗan ke kwantar da ita. Na biyu shi ne ruɓi: ganye, ciyawa, kara, kashin dabbobi, kainuwa, gansakuka, duk abin da ya taɓa rayuwa ya mutu ya ruɓe. Wannan ya narke ne a cikin ruwan, tsumma ba ya tare shi, ajiyewa ba ta kwantar da shi. Shi ne kalar shayin da kike gani. Kuma shi ne ke cinye jabel ɗinki, domin kulorin da ke cikin jabel ba ya zaɓe, duk ruɓin da ya tarar sai ya fara ƙonewa a kansa kafin ya kai ga ƙwayoyin cuta. Saboda haka ɓacewar warin da wuri ba ƙaramar alama ba ce. Tana nufin babu saura da zai tsare ruwan a randa.

Maman Fati: Ikon Allah. To Baba Alhaji, ke nan duk ɗigawar da nake yi a banza take tafiya?

Alhaji Sani: Ba duka ba, yana kashe wasu. Amma abin da Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ke nema shi ne bayan minti 30 a samu saura na miligiram 0.5 a kowace lita, kuma kar ya yi ƙasa da 0.2 lokacin da ruwan ya kai bakin mai sha. A gida babu ma'auni, hanci ne ma'auninki. In bayan rabin awa babu ɗan wari ko kaɗan, aikin bai kammala ba.

Mushe Abdu: Baba Alhaji, a ba ni izini in ɗora kan maganar Nura, tunda kimiyyar sinadarai nake koyarwa. A 1974 wani masani mai suna Johannes Rook da ke aiki a ma'aikatar ruwan birnin Rotadam na ƙasar Holan ya gano cewa in kulorin ya haɗu da wannan narkakken ruɓi, yana haifar da wasu sinadarai da ake kira tirihalometan, babbansu shi ne kulorofom. Binciken da aka yi ta yi daga baya ya nuna alaƙa tsakanin shan su shekara da shekaru da kansar mafitsara, ko da yake haɗarin ƙarami ne. Shi ya sa aka sa masu iyaka. Amurka ta ce kar jimillarsu ta wuce mikrogiram 80 a lita, Tarayyar Turai 100, OMS kuma ta sa wa kulorofom shi kaɗai 300. Amma ita OMS ɗin da ta sa iyakar ta rubuta ƙarara cewa kar a kuskura a rage kashe ƙwayoyin cuta don tsoron waɗannan sinadarai. Mai sautin muryar ya karanta rabin shafi ya bar rabi.

Nura: To mene ne mafita Mushe? A sha a haƙura?

Mushe Abdu: A'a. A cire ruɓin tukuna, sannan a sa jabel. In babu ruɓi mai yawa, kulorin bai da abin da zai haɗu da shi ya yi waɗancan sinadarai, kuma kaɗan ma ya isa. Matsalar ba jabel ba ne, jeri ne.

Inna Hajo: Ni dai duk wannan lissafin naku ya fi ƙarfina. Mu da ɗiyan zogala muka tashi. A ɓare, a daka, a jiƙa a ɗan ruwa, a tace a zuba a tulu, ruwa shi kwanta. Ba mu san alif ba sai wajen wanzami. Ga zogala ko'ina a Yamai, kowane lambu akwai ta, ana cin ganyen ana zubar da ɗiyan. Mi ya sa za a riƙa zuba wa yara ƙarfe a ciki? An ce ma alif na kawo ciwon mantuwa.

Ilu Ga-ruwa: Gaskiya Inna ta faɗi. Abin gargajiya ya fi.

Alhaji Sani: Yaya Hajo, Allah ya ƙara lafiya. Zogala tana aiki, ban musa ba. Matan karkarar Sudan sun daɗe suna amfani da ita a ruwan Nilu, kuma masana sun yi nazarinta tun shekarun 1980 suka tabbatar akwai wani furotin a cikin ƙwayar da ke kama laka. Wajen laka da yawancin ƙwayoyin cutar da ke manne da lakar, ta yi. Ba ta sa ruwa tsami kuma, wannan ta fi alif. Amma ga tambayar Maman Fati, zogala ba ita ce amsa ba. Garin zogala shi kansa abin tsiro ne, akwai mai, akwai sikari, akwai furotin. Kin cire laka kin zuba sabon abin ruɓa. Shi ya sa ruwan zogala in ya kwana ya wuni yake canza wari, don ƙwayoyin da suka rage sun samu abinci. In kuma aka ɗiga jabel a kai, abin da zai ci jabel ɗin ya ƙaru.

Inna Hajo: To mu ba mu bari shi kwana. A yi da safe a shanye kafin dare.

Alhaji Sani: Wannan shi ne daidai, kuma wanda bai da komai sai zogala ya yi haka, in da hali ya tafasa na jarirai. Ba raina ta nake ba.

Madam Rabi: Maganar mantuwa kuma Inna, an daɗe ana bincike ba a tabbatar alif na ruwa ne ke kawo ta ba. Yawancin alminiyom, wato ƙarfen da ke cikin alif, da ke shiga jikinmu ta abinci yake shiga, na ruwa ɗan kaɗan ne. Waɗanda ake kiyayewa sosai su ne masu ciwon ƙoda da ake yi wa wankin jini, su ruwansu na musamman ne. Amma ban yarda a riƙa zuba alif barkatai ba, kamar yadda Ilu ya ce a ƙara kawai.

Ilu Ga-ruwa: Madam ai Alhaji ma zai ce a ƙara. Ko ba haka ba Alhaji?

Alhaji Sani: A ƙara, amma da awo. Nan ne gizo ke saƙa. Duk wadda ta taɓa yin awara ta san in ruwan tsami ya yi kaɗan madarar waken ba ta kamawa, in ya yi yawa awarar ta lalace. Haka alif yake. Laka da ruɓi dukansu suna ɗauke da cajin lantarki iri ɗaya, shi ya sa suke tunkuɗe juna su ƙi haɗuwa. Alif in ya narke yana zuwa da kishiyar cajin, ya kashe nasu, sannan ya zama wani farin kauri mai laushi da ke tattara su ya nutse da su. To ruɓi ya fi laka cin alif nesa ba kusa ba. Awon da ya isa ya kwantar da laka yakan gaza kaiwa ga kala. Da ido za ka ce an gama, ashe rabin aiki aka yi.

Sai dai ruwan koginmu ruwa ne mai laushi, ba shi da gishirin da ke tare tsami da yawa. Alif kuwa tsami yake sakewa, kowane miligiram ɗaya yana cinye kusan rabin miligiram na wannan garkuwa. Ruɓi ya fi kamuwa in ma'aunin tsamin ruwa da ake kira pH yana tsakanin 5.5 da 6.5, wato ruwan ya ɗan karkata ga tsami. In aka zarce ya faɗi ƙasa da 5, farin kaurin ba ya haɗuwa, alminiyom ya zauna a narke, ruwan ya yi bauri yana ɗaure harshe, kalar ma tana iya dawowa. Ruwa ba ya tsami banza. A ma'aikata muna da farar ƙasa ta musamman da muke gyara pH da ita, kuma ana auna alminiyom da ya rage, kar ya wuce miligiram 0.1 zuwa 0.2 a lita. Mai randa ba ta da wannan.

Ɗan Ader: Salamu alaikum, daga Tawa nike bin ku. Alhaji, in tsami na matsala, mi za ya hana a jefa ƴar kanwa? Mu nan kanwa ba ta yankewa.

Alhaji Sani: Malam, kanwa tana kashe tsami, gaskiya ne. Amma ba na ba da shawararta. In ka sa ta kafin alif ka ɗaga pH ya wuce inda ruɓi ke kamuwa, ka ɓata abin da kake nema. Kuma ƙarfinta ba ɗaya ba ne daga dunƙule zuwa dunƙule, ga ƙasa da wasu gishirai a ciki. In ruwa ya yi bauri, alif ne ya yi yawa, a rage shi.

Maman Fati: Baba to yaya zan san awon? Ni dai dunƙulen nake zagayawa da shi a ruwa har in ga ya fara haɗuwa.

Mushe Abdu: Bari in ba ki gwajin da muke yi da ɗalibai, shi ne kuma ake yi a ɗakin gwaji na kowace matatar ruwa, sai dai su da injin kaɗawa. Ki daka alif, a auna maki giram 10 a sikelin masu shago ko na farmasi, ki narkar a lita 1 ta ruwa mai tsabta. Kowace mililita 1 ta wannan haɗi in ta shiga lita 1 ta ruwan kogi, miligiram 10 ke nan. Ki samu sabuwar sirinji marar allura da gorunan roba 6 masu haske na lita ɗaya-ɗaya, ki cika su da ruwan ɗiba ɗaya. Na farko ki sa mililita 2, na biyu 4, haka har na shida ya samu 12. Ki girgiza kowanne da ƙarfi minti 1, sannan ki riƙa juya su a hankali kamar minti 15, wannan juyin na hankali shi ke sa ƙananan su haɗu su yi nauyi, in kika ci gaba da girgiza da ƙarfi wargaza su za ki yi. Ki ajiye awa 1. Kar ki duba ta gefe. Ki tsiyaye na sama a kofin gilashi, ki ɗora kan farar takarda ki leƙa ta sama, nan kala ke fitowa. Ki zaɓi mafi ƙarancin awon da ya ba ki ruwa marar kala kuma marar bauri. In na mililita 6 ne, jarka mai lita 20 tana son mililita 120 na haɗin.

Maman Fati: Na rubuta. Kullum zan riƙa yin wannan?

Alhaji Sani: A'a, sai ruwan ya canza fuska. Kogin nan cika biyu yake yi a shekara. Akwai jan ruwa na damina, akwai kuma ruwan da ke tasowa daga ƙasar Gine ya biyo ta fadamun Mali ya iso mu cikin sanyi, ya kai ƙololuwa wajen Janairu. Na biyun bai da laka sosai, kuma abin mamaki irin wannan ruwa mai ɗan haske yakan fi wuyar kamawa, don babu lakar da za ta ba kaurin nauyi ya nutse. Sai kuma lokacin bazara da ruwa ke janyewa ya yi ɗumi. Tsofaffin zaure sun tuna 1985 da kogin ya tsaya cak a Yamai, abin da ya sa daga baya aka gina madatsin Gudel don a riƙe ruwan da matatu za su ja. Kowane lokaci da awonsa. Ruwan farko na damina kuwa shi ya fi kowane ɗaukar ruɓi, don shi ke wanke kashin dabbobi da busasshiyar ciyawar rani duka.

Ki lura kuma alif na kasuwa ba iri ɗaya ba ne. Mai kama da ƙanƙara alminiyom ɗinsa bai kai kashi 6 cikin 100 ba, wanda matatu ke amfani da shi kuwa yana kusan kashi 9. In kin canza alif, ki sake gwaji.

Ɗan Ader: Alhaji ni tambayata ta tabki ce. Cikin garin Tawa ruwan rijiyoyi masu zurfi muka sha, ba mu da wannan matsala. Amma ƴan uwanmu na ƙauye da makiyaya, wajen Tabalak da Keita da Abalak, da yawa tabki suka dogara da shi. In rani ya yi nisa ruwan shina komawa kore shar, shanu da raƙuma na shiga ciki har gwiwa. Wannan gwaji na Mushe za ya yi aiki can?

Alhaji Sani: Zai taimaka, amma ba kamar na kogi ba, kuma ina so ka isar masu da wannan yadda na faɗa. Ruɓi iri biyu ne. Akwai mai kala, wanda ya fito daga ganye da ƙasa, ƙwayoyinsa manya ne, alif yana iya ɗauke rabinsa ko fiye. Akwai marar kala, wanda gansakuka da fitsari da kashi ke sakewa, ƙwayoyinsa ƙanana ne masu son ruwa, alif da ƙyar yake ɗauke kashi ɗaya cikin huɗu. Ko Amurka da ta kafa doka a 1998 kan ƙara alif don cire ruɓi, abin da ta wajabta wa matatu daga kashi 15 zuwa 50 cikin 100 ne, gwargwadon irin ruwan. Babu wanda ke cire shi duka da alif. Ga fitsarin dabbobi yana da amoniya, ita ma cin kulorin take, alif kuma ba ya taɓa ta.

Mushe Abdu: Kore shar ɗin nan ma shi ya fi tayar min da hankali. Wasu daga cikin irin wannan gansakuka suna sakin dafi mai taɓa hanta. Alif yana kwantar da su kansu, amma dafin da ya riga ya narke ba ya kama shi, tafasawa ma ba ta kashe shi. In saman tabki ya yi kore mai kauri, ko ana ganin matattun kifi, a nemi wani ruwan. In babu, a haƙa ƴar rijiya a gefe nesa kaɗan da baki, a bar ƙasa ta tace.

Ɗan Ader: Wannan na haƙa a gefe makiyaya sun san shi tun kaka da kakanni. Sai dai in dabbobi dubu na jira, wa za ya tsaya jiran ruwa shi tsattsafo?

Madam Rabi: A raba mana. Na dabbobi daban, na jarkar yara daban. Jarka biyu ba ta ɗaukar wuni.

Nura: Mushe, gawayi fa? Na ga ana haɗa bokiti da yashi da gawayi.

Mushe Abdu: Gawayin da matatu ke amfani da shi don kama ƙananan ruɓin da alif ya bari, an sake gasa shi ne da tururi a zafin da ya kai digiri 800 zuwa 1,000, har ya yi ƙofofi marasa adadi. Giram ɗaya yana iya samun faɗin ciki na murabba'in mita 1,000. Gawayin girki bai kusa da haka ba. Yana rage wari da ɗanɗano na ɗan lokaci, sai ya ƙoshi, in ba a canza ba ya zama gidan ƙwayoyin cuta. Kuma yana cinye kulorin, don haka in za ka yi, gawayi kafin jabel, ba bayansa ba.

Hajiya Zara: Ni ina Yantala, ruwan fanfo nake sha. Duk wannan ya shafe mu ko mu mun tsira?

Alhaji Sani: Hajiya, ruwanku daga kogin ɗaya yake, matatun Gudel da Yantala ke jan sa, a sama da tsakiyar gari. Matakan su ne waɗanda muke ta faɗa: a zuba alif a kaɗa da ƙarfi, a juya a hankali, a bari ya kwanta a manyan kwatamai, a bi da shi ta yashi, a sa kulorin, a gyara pH. Bambancin shi ne can akwai masu aunawa. Abin da ya rage gare ku shi ne randa da tankin kan soro. Ruwa mai kyau in ya zauna a tankin da ba a wankewa, ƙura da ganye suna faɗawa, kun mayar da ruɓin da aka cire da hannunku.

Amma zan faɗi ra'ayina a matsayin tsohon ma'aikaci, kuma ba a kan wata ma'aikata ɗaya nake magana ba, ko'ina a duniya haka ne. Ma'aikacin ruwa idonsa yana kan dagulewa, don ita ce mutane ke gani su yi ƙorafi, kuma ita ce mai sauƙin aunawa, ana son ta ƙasa da 1 a ma'aunin dagulewa da ake kira NTU, in ta yi yawa 5. Ruɓi kuwa sai da na'ura mai tsada ko hasken da ke ratsa ruwa a auna abin da ya sha. Ni a ganina duk garin da ke shan ruwan kogi ya kamata a riƙa auna ruɓi kowane mako a bayyana wa jama'a, musamman ma da madatsar Kandaji ke tafe a kan kogin nan, sama da Yamai. Ruwan da aka tare ya zauna cikin rana yana haifar da gansakuka, wato irin ruɓin da alif ba ya iyawa da shi. Gara a shirya tun yanzu.

Mushe Abdu: Na yarda a auna. Amma Baba, ƙarin alif kuɗi ne, daga waje ake shigo da shi, ga ƙarin farar ƙasa, ga ƙarin taɓon da za a rasa inda za a zuba. A garin da unguwanni irin ta Maman Fati ba su da fanfo, ni da za a tambaye ni, kowane dala a sa shi wajen ja masu bututu tukuna. Wanda ke ɗiba a Saga yana ƙasa da duk abin da ƙoramar Gunti Yena da magudanan gari da majema da mahauta suka zubar. Haɗarinsa ya ninka na mai fanfo sau da yawa.

Alhaji Sani: Ba kishiyoyi ba ne ɗana. Ruwan da aka cire wa ruɓi ya fi riƙe kulorin har ƙarshen bututu, kuma unguwannin ƙarshen bututu su ne dai na talakawan da kake magana. Abin da ka kashe a alif kana rage wani sashe a kulorin.

Mushe Abdu: Wani sashe, ba duka ba. Nan dai ban sauka daga ra'ayina ba Baba, da girmamawa.

Madam Rabi: Ku bar wannan wa masu kasafi. Ni abin da Mushe ya faɗa kan Saga shi nake so Maman Fati ta riƙe. Ruwanki ba ruɓin daji kaɗai gare shi ba, har da dattin gari. Don haka jabel ba zaɓi ba ne gare ki. Bayan alif ya kwanta, ki tsiyaye na sama a hankali cikin wata jarka mai murfi ta tsumma mai tsabta, kar ki sa jabel a kan taɓon. Jabel marar turare, wanda ba a haɗa da sabulu ba. Ki duba jikin gorar, in an rubuta digiri 8, wato wajen kashi 2.5 cikin 100, mililita ɗaya da rabi ta isa lita 20 na ruwa mai haske. Ki rufe minti 30. In babu wari ki maimaita awon sau ɗaya ki sake jira. In har yanzu babu, ruwan nan ba na jabel ba ne, ki tafasa. Kuma jabel yana sanyi in ya daɗe a rana, kar ki sayi wanda aka shanya a bakin titi. In ƙwayoyin kulorin da ake kira Aquatabs kika samu ya fi sauƙin awo, ki bi abin da ke jikin takardar.

Nura: To mu da muka daina, in muka koma, akwai yadda za a rage wancan sinadarin bayan an riga an sa?

Mushe Abdu: Kulorofom yana tashi sama da sauƙi, a digiri 61 yake tafasa, don haka tafasa ruwa ko barin sa a buɗe yana rage shi. Amma kulorin ma tafiya yake tare da shi, ruwan ya zauna babu mai tsaro. In za ka yi, ka yi wa abin da za a sha nan take kaɗai, na ajiya ya zauna a rufe. Ka koma ka faɗa wa mutanen gida yau, kar a kai gobe.

Ilu Ga-ruwa: Alhaji akwai wani gari a ƙaramar leda da aka taɓa raba wa mutane lokacin ambaliya, a zuba a bokiti a juya ruwa ya kwanta. Shi ma alif ne?

Alhaji Sani: Ɗan uwansa ne. Mai giram 4 da ake sa wa lita 10, gishirin baƙin ƙarfe ne a ciki maimakon alminiyom, haɗe da kulorin. A juya minti 5, a bari minti 5, a tace da tsumma, a jira minti 20. Gishirin ƙarfe ma yakan ɗan fi alif ɗaukar ruɓi, kuma yana aiki a ruwan da ya fi tsami. Don lokacin gaggawa aka yi shi, kuma ya dace da shi.

Maman Fati: Allah ya saka da alheri gaba ɗaya. Saura tambaya ɗaya Baba, taɓon da ke kwantawa a gindin randa, ina zuba shi wajen kaji da ƴan shukokina. Akwai laifi?

Alhaji Sani: Ki daina ɗiyata. Duk ƙwayoyin cutar da alif ya kwaso suna cikin taɓon nan da ransu, alif tattarawa yake ba kashewa ba. Kaji za su bi ta kai su shigo da shi tsakar gida inda yara ke rarrafe. Shuka ma ba ta ƙaruwa da shi, don yana ɗaure sinadarin fosfo na ƙasa ya hana saiwa samu. Ki zuba a masai, ko ki haƙa ɗan rami nesa da rijiya ki rufe, ki wanke randar da hannuwanki da sabulu kafin sabon ɗiba.

Ɗan Ader: Mushe, don Allah ka yi muna bayanin gorunan nan shida da murya, a hankali, da Hausa zalla. Waɗanda ni ka son turawa ba su karatun boko. Kuma ka faɗi awon da murfin gora ko cokalin shayi, sirinji da sikeli ba su samuwa a ruga.

Mushe Abdu: Zan yi gobe bayan na tashi daga aji, in sha Allahu. Cokalin shayi yana ɗaukar wajen mililita 5 na ruwa, wannan mai sauƙi ne. Garin alif ne sai na auna cokali a sikelin makaranta tukuna, da mai ƙyallin da ɗayan, don nauyinsu ba ɗaya ba ne. Wanda ke kusa da kasuwar Katako ya sayo min dunƙule ɗaya na kowane iri, zan biya.

Ilu Ga-ruwa: Bar shi Mushe, ta nan nake bi da kura da safe. Zan kawo maka ƙofar makaranta.